Bayan Saukar Jirgi: Shawarwari Kan Takardu Ga Iyalin da Suka Koma Birtaniya

Wanda ya sha ɗawainiyar neman biza yakan ɗauka ranar da ta fito ya gama da takarda ke nan. Ya biya kuɗi masu nauyi, ya yi gwajin tarin fuka, ya dangwala yatsu, ya yi zaman jira. Amma biza izinin shiga ce kawai. Da an sauka a Landan ko Manchester, sai wani sabon layi ya buɗe: banki, gidan haya, likita, wurin aiki, makarantar yara, kowa da takardar da yake nema.

A gida mutum ke tsaya wa mutum. Mai unguwa ya san ka, liman ya san mahaifinka, mai gidan haya zai tambaya a ce masa, “Ai ɗan gidan wane ne,” shi ke nan magana ta ƙare. A Birtaniya ba wanda ya san ka, kuma ma'aikacin da ke gabanka ba shi da hurumin yarda da kai ko da ransa ya so. Abin da takarda da kwamfuta suka nuna masa shi zai bi. Takardun kuma a sarƙe suke, wannan ba ta samuwa sai da waccan, shi ya sa sanin wadda za a fara da ita ke rage rabin wahalar. Dokokin shige da fice na ƙasar suna yawan sauyawa, haka ma kuɗaɗen, don haka kafin a biya ko a cike wani fom a leƙa shafin gwamnati na gov.uk. A kuma tuna cewa Ingila da Sikotilan da Wales da Arewacin Ayalan ba a kan komai dokarsu ta zo ɗaya ba.

1. Ku daidaita sunaye da ranakun haihuwa tun kuna gida.

Na sa wannan a gaba ne saboda shi ya fi kama Bahaushe, kuma shi ya fi wuyar gyara daga nesa. Mu ba mu da sunan dangi guda da ake gada daga kaka har jika. Yaro yakan ɗauki sunan mahaifinsa, wani ya ƙara da na garinsu, mace kuma ta ci gaba da amsa sunan mahaifinta bayan aure. A ce maigida Usman Garba, uwargida Hadiza Sule, yara kuma Amina Usman da Kabiru Usman. A wurinmu gida ɗaya ne, babu abin tambaya. A idon ma'aikacin da bai san al'adar ba, mutum huɗu ne masu sunayen dangi uku, kuma zai so ya ga abin da ya haɗa su: shaidar aure, da takardar haihuwar da ke ɗauke da sunan uba da na uwa.

Sai rubutun sunan kansa. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar WAEC, Muh'd a shaidar digiri. Wani Abubakar ne a wannan takarda, Garba a waccan. Wanda ya yi karatu a Nijar kuma an rubuta masa Mahamadou ko Ousmane da salon Faransanci, daga baya ya zo yana rubuta Usman a fom. Mu mun san suna ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba.

Fasfo ne alƙali. Yadda sunan yake a cikinsa, da jerin da ya bi, haka za a rubuta a banki, da wurin likita, da takardar haya, da wurin aiki, ba ragi ba ƙari. Idan wata muhimmiyar takarda ta saɓa da shi, a je kotu a yi rantsuwar da ke tabbatar da cewa mai sunayen nan mutum ɗaya ne, a taho da asalinta. Ɗan Najeriya ya duba bayanansa na NIN, domin fasfo daga can yake ɗaukar suna da ranar haihuwa. Idan kuskuren a can yake, a hukumar NIMC za a fara gyara.

Ranar haihuwa ma haka. Mutane da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu saboda ba a riƙe ainihin ranar ba, kuma wannan ba laifi ba ne muddin ita ce a ko'ina. Inda ake shiga uku shi ne a ce an rage shekara biyu a takardar makaranta, an bar ta yadda take a fasfo. A warware wannan kafin tafiya.

2. Asalin takardu su shiga jakar hannu, kowace kuma a ɗauki hotonta.

Takardun haihuwa na kowa da kowa, shaidar aure, shaidun karatu tare da cikakken sakamakon darussa, takardar NYSC, lasisin sana'a ga malaman jinya da likitoci, lasisin tuƙi, katin rigakafin yara, da bayanin likita ga mai ciwon da ake shan magani kullum. Kada a saka su cikin akwatin da za a auna, akwati yakan ɓata. A ɗauki hoton kowace a sarari, a ajiye a imel ko wani ma'ajin intanet da miji da mata duka za su iya buɗewa. Sakamakon darussa na jami'a musamman a karɓe shi tun ana kusa, domin nemansa daga ƙasar waje yakan ci watanni. Idan mai ɗaukar aiki yana son sanin matsayin digirinka a ma'aunin Birtaniya, hukumar UK ENIC ce ke ba da wannan shaida, kuma sai an biya.

Duk takardar da ba da Turanci take ba, ko ta Larabci ce ko Faransanci ko Hausa, sai an haɗa ta da fassarar ƙwararre, wadda ke ɗauke da sunansa, da sa hannunsa, da kwanan wata, da hanyar tuntuɓarsa, da furucinsa cewa fassarar daidai take da asali. Fassarar da ɗan'uwa ya yi don taimako ba ta karɓuwa.

Batun aure yana buƙatar kulawa. Da yawanmu an ɗaura mana aure a ƙofar gida ko a masallaci, da waliyyai da shaidu da sadaki, aka raba goro aka watse, ba takarda. Birtaniya tana amincewa da auren da ya inganta bisa dokar ƙasar da aka ɗaura shi, amma tana son ganin shaida a rubuce, don haka a nemi takardar daga kotun shari'a ko ofishin da ke rajistar aure. Wanda kuma zai ɗaura aure a Ingila ya sani cewa ɗaurin auren masallaci shi kaɗai, ba tare da cika ƙa'idar rajistar hukuma ba, doka ba ta lissafa shi aure. Mace ce ta fi cutuwa da wannan idan rabuwa ko rasuwa ta zo. Dokar shige da fice kuma ba ta bari a kawo mace fiye da ɗaya a matsayin matar aure.

3. Izinin zamanka a intanet yake, ka koyi buɗe shi da kanka.

A da ana ba baƙo katin roba mai hoto da ake kira BRP. Yawancin katunan nan sun ƙare aiki a ranar 31 ga Disamba 2024, aka koma tsarin eVisa, wato bayanin izinin zaman mutum yana cikin asusunsa na hukumar biza ta UKVI a intanet. Kowane mutum a gidan, har jariri, da nasa asusun.

Idan mai ɗaukar aiki ko mai gidan haya yana son tabbatar da izininka, kai za ka shiga asusun ka fitar da wata lambar tantancewa ka ba shi, ya haɗa da ranar haihuwarka ya duba. Lambar tana aiki kwana 90, kuma iri-iri ce: ta neman aiki da harafin W take farawa, ta neman haya da R. Idan ka ba mai gida ta aiki ba za ta buɗe masa ba, shi kuma ba lallai ya tsaya yi maka bayani ba, sai ya ba wani gidan.

Ka buɗe asusun da imel ɗinka da lambar wayar da ke hannunka. Mutane da dama ejan ne ya cike musu fom da nasa imel ɗin, ko kuma lambar sirri tana zuwa layin gida da aka bari a Kano ko Yamai. Da ka sami layin Birtaniya ka sauya. Ranar farko ka karanta abin da aka rubuta: suna, hoto, ranar ƙarewa, sharuɗɗa. In akwai kuskure ka kai rahoto nan take. Duk lokacin da ka sabunta fasfo, ka saka sabon a asusun kafin ka yi tafiya, in ba haka ba kamfanin jirgi na iya ƙin ɗaukarka a hanyar dawowa.

4. Shaidar adireshi ita ce ƙullin da ya fi cin rai.

Banki zai ce ka kawo shaidar inda kake zaune. Shaidar da ya fi so ita ce takardar wuta ko gas, ko ta harajin ƙaramar hukuma, da sunanka a kai. Ba za ka sami waɗannan ba sai ka kama gida. Dillalin gida kuma zai ce ka kawo bayanan asusun banki da takardun albashi. Wurin aiki yana jiran lambar asusu kafin ya biya ka. Mutum ya tsaya a tsakiya da fasfo a hannu, kowa na tura shi wurin wani.

Ana kwance ƙullin ne ta inda ya fi laushi. A fara da layin waya. Ɗalibi ya nemi jami'arsa ta rubuta masa wasiƙar gabatarwa zuwa banki, sun saba yi. Ma'aikaci ya roƙi wurin aikinsa wasiƙa mai tambarin kamfani da ke ɗauke da adireshinsa. Bankunan manhaja irin su Monzo da Revolut sukan tantance mutum da fasfo da hoton fuskarsa ta waya, kuma sau da yawa sun fi sauƙi ga sabon zuwa. Da asusu ya buɗe, takardar bayanansa ta wata-wata ita ma ta zama shaida a wasu wurare. Idan reshen banki ɗaya ya ƙi, ka tambayi jerin takardun da suke karɓa, ka gwada wani bankin, domin ba jeri ɗaya suke bi ba.

Ga wata ƙofa da mutane ba su cika sani ba. 'Yan ƙasashen da ke cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila masu izinin zama, irin su Najeriya da Ghana da Kamaru, suna da damar yin rajistar zaɓe a Birtaniya. Shiga kundin masu zaɓe yana taimaka wa kamfanonin da ke auna tarihin bashi su tabbatar da mutum da adireshinsa, abin da ke sauƙaƙa haya da layin waya na kwantiragi daga baya. 'Yan Nijar da Chadi da Sudan ba sa cikin wannan, kada su cike fom ɗin.

5. Kada ka biya kuɗin gidan da ba ka shiga ka gani ba.

Masu damfara sun san sabon zuwa a matse yake. Za su saka hotunan gida mai kyau a Facebook, su ce a turo kuɗi kafin wani ya riga ka. Ka je ka gani, ko ka aika wanda ka amince da shi.

A Ingila doka ta wajabta wa mai gida ya duba izinin zaman duk baligin da zai zauna a gidan, don haka tambayar ba wulaƙanci ba ce. Kuɗin ajiya da za a karɓa a hannunka, a haya ta yau da kullum, bai wuce na mako biyar ba, kuma dole mai gida ya saka shi a ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowane ɗaki, da tabon da ke kan kafet, da tsagewar bango, da lambobin mitar wuta da gas da ruwa. Da waɗannan hotuna za ka karɓo kuɗinka ranar fita. Zama a ɗakin ɗan'uwa na 'yan makonni rufin asiri ne, amma muddin sunanka ba ya kan takardar haya, nuna wa hukuma shaidar adireshi zai yi maka wuya.

6. Ku yi rajista da likitan unguwa kafin wani ya kwanta.

Ana kiransa GP, kuma ta hannunsa ake bi zuwa yawancin manyan likitoci. A ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS a Ingila, ba a buƙatar shaidar adireshi ko katin shaida ko takardar izinin zama kafin a yi wa mutum rajista. Wani lokaci mai karɓar baƙi za ta ce sai an kawo. A gaya mata cikin ladabi cewa ba a samu ba tukuna, a nemi fom ɗin a cike. Bayan rajista kowa zai sami lambar NHS mai alƙaluma 10.

Yawancin masu biza sun riga sun biya kuɗin lafiya tare da kuɗin bizar: tun Fabrairun 2024, fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga ɗalibi da yaro. Masu bizar aikin lafiya da kula da marasa ƙarfi an ɗauke musu. Duk da haka a Ingila ana biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta, ban da yara 'yan ƙasa da shekara 16, da masu shekara 60 zuwa sama, da mai ciki ko mai jego da ta karɓi takardar yafewa. Ungozoma ko likita ke cike mata wannan, ta tambaya tun awon farko.

7. Lambar NI kyauta ce, kuma takardar albashi abin karantawa ce.

Lambar inshorar ƙasa, wadda ake kira NI, da ita ake lissafa harajinka da gudummawarka ta fansho. Wasu za su tarar da ita a cikin eVisa ɗinsu. Wanda bai gani ba ya nema a gov.uk. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kanta ba na gwamnati ba ne. Tana iya ɗaukar makonni, amma ana iya fara aiki kafin ta zo idan an nuna izinin aiki.

Da albashin farko ya shigo, ka duba lambar haraji a jikin takardar. Mafi yawan masu aiki ɗaya 1257L ake ba su, ma'ana fam 12,570 na farko a shekara ba haraji a kai. In ka ga BR ko 0T alhali aikinka ɗaya ne, wataƙila ana cire maka fiye da ƙima. Wannan yakan faru ne idan ba a cike fom ɗin sabon ma'aikaci daidai ba. Ka tuntuɓi hukumar haraji ta HMRC su gyara, abin da aka cire a kan kuskure yana dawowa. Shekarar haraji daga 6 ga Afrilu take zuwa 5 ga Afrilun gaba. Takardar P60 da ake bayarwa a ƙarshenta, da P45 da ake ba wanda ya bar aiki, da duk takardun albashi, a adana su. Za a neme su ranar sabunta biza.

8. Ka san abin da bizarka ta hana.

A nan ne mutanen kirki ke faɗawa rami ba da niyya ba. Ɗalibin digiri awa 20 aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma makon daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga shi. Ba a yin 25 wannan mako a rama da 15 a na gaba. Ba a kuma yarda ɗalibi ya yi sana'ar kansa ba, kuma yawancin aikin kai abinci ta manhaja a wannan rukuni yake. Aiki da sunan wani ko lambar wani laifi ne ga mai aro da mai ba da aron.

Yawancin bizojin aiki da karatu suna ɗauke da sharaɗin cewa ba a taɓa tallafin gwamnati. Wannan ya haɗa da Universal Credit, da tallafin yara, da tallafin kuɗin haya. Maƙwabciya na iya cewa da kyakkyawar zuciya, “Ai kowa na karɓa, ke ma ki cike.” Kada a cike sai an tabbatar. Asibitin NHS da makarantar gwamnati ba sa cikin abin da aka hana.

Mai bizar ƙwararren ma'aikaci kuma izininsa a ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Sauya wurin aiki yana buƙatar sabuwar takardar ɗaukar nauyi ta CoS da sabon neman biza, ba a fara sabon aikin sai an amince. Idan aikin ya ƙare ko kamfanin ya rasa lasisinsa, Ma'aikatar Cikin Gida takan taƙaita bizar zuwa kwana 60, a cikinsu mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Masu sayar da CoS sun jefa iyalai da yawa cikin baƙin ciki: an sayar da fili da gida an biya, an zo an tarar babu aikin. Tun 22 ga Yuli 2025 an rufe ɗauko sababbin masu aikin kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, don haka duk wanda ya yi wa ɗan'uwanka tayin wannan hanya daga gida, ƙarya yake yi. Ba kuma mai ɗaukar aikin da ke da ikon riƙe fasfonka.

9. Takardun yara.

Gurbin makarantar gwamnati ta hannun ƙaramar hukuma ake nemansa, kuma adireshi ne ke yanke wace makaranta za a samu. Wanda ya zo a tsakiyar shekarar karatu akwai fom na musamman dominsa. A kai katin rigakafi wurin likita a cike abin da ya rage.

Jaririn da aka haifa a can dole a yi masa rajista cikin kwana 42 a Ingila da Wales da Arewacin Ayalan, kwana 21 a Sikotilan, don haka akwai sararin a jira ranar suna. Kafin a je ofishin, iyaye su zauna su yanke yadda za a rubuta sunan da wanda zai zama sunan dangi, su kuma karanta abin da magatakarda ya rubuta harafi-harafi kafin sa hannu, domin gyara daga baya sai da kuɗi. Haihuwa a Birtaniya ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa: tun 1 ga Janairu 1983 sai idan ɗaya daga cikin iyayen ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin. Jaririn yana buƙatar fasfon ƙasar iyayensa da bizarsa. Kada a kai shi gida ganin kakanni ba a yi masa ba, kuma a nema kafin ya cika wata uku, domin bayan nan ana iya cajin kuɗin asibiti.

Riƙon ɗan 'yar'uwa ko maraya abin alfahari ne a wurinmu. Amma rubuta shi a fom a matsayin ɗan cikinka yaudara ce a dokarsu, kuma tana iya jawo hana shiga ƙasar har shekara 10.

10. Lasisin tuƙi na gida wata 12 kawai yake yi.

Daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar ake fara ƙirgawa. Lasisin Najeriya da na Nijar da na Ghana ba sa cikin waɗanda ake musanyawa da na Birtaniya, sai an nemi lasisin koyo daga hukumar lasisin tuƙi ta DVLA, an ci jarrabawar ƙa'idojin hanya, sannan ta tuƙi. Samun ranar jarrabawar tuƙi kan ɗauki watanni, saboda haka a fara da wuri. Wanda ya ci gaba da tuƙi shi kaɗai bayan wa'adin ya karya doka, inshorarsa ma na iya zama banza, kuma hukuncin zai biyo shi har fom ɗin neman zama na dindindin.

11. A buɗe kowace wasiƙa ranar da ta zo, kuma ba a ba da aron asusu.

Hukumomin Birtaniya har yau ta gidan waya suke magana. Ambulan mai ruwan ƙasa da aka tura ƙarƙashin tulin tallace-tallace a kan teburin kicin na iya zama ranar ganin likitan da aka daɗe ana jira, ko harajin ƙaramar hukuma, ko tarar ajiye mota da ke ƙaruwa in an yi jinkiri. Gidan da duk mazaunansa cikakkun ɗalibai ne ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai an kai shaida daga jami'a. Baligin da ke zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin ɗari, shi ma sai ya nema. In an tashi daga gida, a sanar da UKVI da banki da likita da HMRC da DVLA.

Idan wani ya ce, “Bari a turo kuɗi ta asusunka, ka cire ka ba ni,” ka ba shi haƙuri ko da abokin wasanka ne. In kuɗin na zamba ne, banki zai rufe asusun, a sa wa sunanka alamar da ke iya kai shekara shida tana hana ka buɗe wani. Masu adashe su rubuta sunayen 'yan zubi da ranaku da adadi, domin banki na iya tambayar uwar adashe daga ina kuɗin ke shigowa.

12. Uwargida ta riƙe nata a hannunta.

A gidaje da yawa maigida ne ke riƙe da komai: fasfo, lambobin sirri, asusun banki, takardar haya. Ba mugunta ba ce, sabo ne. Amma rashin lafiya ba ta sallama, tafiyar gaggawa ma haka. Matar da ba ta san yadda za ta buɗe eVisa ɗinta ba, ba ta da asusu, sunanta ba ya kan ko takarda ɗaya ta gidan, ranar da ta buƙaci nuna cewa ta shekara uku a ƙasar ba ta da abin nunawa. A saka sunanta a takardar haya da ta harajin ƙaramar hukuma, ta buɗe asusunta, ta san inda fayil ɗin gidan yake. Wasiƙun da ke zuwa da sunayen miji da mata a adireshi ɗaya su ne ma shaidar da hukuma ke nema cewa suna tare. Idan kuma matar ce ta zo da bizar aiki mijin ya biyo ta, duk abin da na faɗa ya koma kansa.

13. Ranar ƙarewar biza, da wanda za a nemi shawararsa.

A rubuta ranar ƙarewar bizar kowa da ta fasfon kowa a manna a bango, domin ba lallai su zo ɗaya ba. A fara tara kuɗin sabuntawa da wuri: kuɗin biza da na lafiya na mutum huɗu ko biyar a lokaci guda ba ƙaramin nauyi ba ne. Wanda ya shigar da nemansa kafin tsohuwar ta ƙare, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 yana kare izininsa da sharuɗɗansa har a yanke hukunci. Wanda ya bari ta ƙare ko da kwana ɗaya ya fita daga wannan kariya. Kuma yayin da ake jiran amsa ba a tafiya gida, domin fita tana soke neman. Wannan yana da zafi idan rasuwa ta faru, shi ya sa ya kamata dangi a gida su san da shi tun kafin ranar.

Mai fatan zama na dindindin ta hanyar aiki kada kwanakinsa a waje su wuce 180 a cikin kowane wata 12. Hajji, Umara, biki, ta'aziyya, duk a rubuta ranar fita da ta dawowa a littafi ɗaya. Wa'adin da aka saba shekara biyar ne, amma a 2025 gwamnati ta bayyana niyyar tsawaita shi zuwa goma ga mutane da yawa, don haka a riƙa bibiya.

Shawarar zauren WhatsApp tana da amfani wajen sanin inda ake sayar da naman halal da garin tuwo. A kan biza kuwa, abin da ya yi wa wani aiki a 2022 na iya zama an soke shi. Ba da shawarar shige da fice a Birtaniya sai mai rajista: ko lauya, ko wanda hukumar IAA, wadda a da ake kira OISC, ta amince da shi, kuma ana iya duba sunansa a gov.uk kafin a biya ko sisi. Citizens Advice na ba da taimako kyauta, jami'o'i ma suna da ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Ko wa ya cike maka fom, ka karanta kowane layi kafin a tura, domin duk abin da ke ciki kai za a tambaya. Ka karɓi rasit, ka kuma ajiye kwafin fom ɗin, saboda a nema na gaba za a gwada amsoshinka da na wannan.